Ƙararrawar jirgin ruwa da na'ura mai aiki da kanta: ina bambancin?

Alhaji, Allah ya ƙara girma. Ka ce yaronka ya gama sashen lantarki a lise teknik nan Garwa, yana son aikin jirgin ruwa a Duwala ko Kiribi, kuma an gaya masa jiragen yanzu na'ura ke yin komai, injiniya barci kawai yake sha. Ka tambaya ko na'urar ƙararrawa da mai sarrafa inji abu ɗaya ne, kuma wacce ya kamata ya sa a gaba. Abu biyu ne, ko da yake sau da yawa a allo ɗaya ake ganinsu, kamar a K-Chief na kamfanin Kongsberg da ke Norwe.

Ta farko gani take yi ta faɗa, shi ke nan. An dasa mata sensa ko'ina a ɗakin inji: zafin hayaƙin kowace silinda, matsin baƙin mai, wato man da ke sa ƙarafan inji santsi, zafin ruwan da ke sanyaya inji, yawan ruwan da ya taru a ƙasan jirgi. Yawancin sensocin da ɗan lantarki suke aika saƙo, daga miliamfa 4 zuwa 20. Da gangan aka fara daga 4, don in waya ta tsinke lissafi ya faɗi sifiri, a gane waya ce ta yanke, kada a zaci tanki ne ya ƙare. Da zarar abu ya haura iyakar da aka yanka masa, jiniya ta tashi, layi ya yi ja yana ƙyaftawa a allo, kwamfuta ta rubuta lokacin. Sai mutum ya zo ya danna alamar ya ji, ya sauka ya duba da idonsa.

Ta biyu kuwa aikatawa take yi, ba ta jiran izinin kowa. Famfon mai ya mutu, ɗan'uwansa da ke zaman ko-ta-kwana ya tashi da kansa. Nauyi ya yi wa janareto ɗaya yawa, ta tayar da na biyu ta raba musu; in abin ya matsa ta yanke wutar da ba dole ba, irin ta sanyaya ɗakuna, don kada sitiyari ya rasa. Wuta ta ɗauke gaba ɗaya, janareton gaggawa ya kama cikin daƙiƙa 45, kamar yadda yarjejeniyar duniya kan kare rayuka a teku, SOLAS ta 1974, ta shimfiɗa. In kuma matsin baƙin mai ya faɗi warwas, ko inji ya yi gudun wuce sa'a, nan take ta kashe shi. Masu duba lafiyar jiragen ruwa kan dage a raba hanyar mai kashe inji da ta ƙararrawa, don in ɗaya ta makance ɗayar ta ci gaba da gani.

Kai da ka daɗe a harkar manyan motoci za ka fi saurin ganewa. Tirela na gangarowa falez, wato gangaren dutsen Ngaundere, da kaya, jar fitilar mai ta kama. Direba ya gani, shi zai yanke abin yi. To a ce motar ce da kanta ta kashe inji a tsakiyar gangaren don kada ya ƙone. Inji ya tsira, motar fa? Na'ura mai kashe inji injin take karewa, ba ta ganin dutsen da ke gaba. Shi ya sa a ɗakin tuƙi akwai maɓallin da kyaftin zai hana wasu kashe-kashen, ya yarda inji ya lalace a kan ya rasa jirgi. Na gudun wuce sa'a dai ba a hana shi.

Abin da ya sami jirgin fasinja Viking Sky ya nuna su biyun a rana ɗaya. Ranar 23 ga Maris 2019, a gaɓar Hustadvika ta Norwe, da mutum 1,373 a ciki, teku ta yi fushi. Baƙin man da ke tankunan injinan bai kai yadda masu ƙera su suka ce ba. Tun da safe ƙararrawar ƙarancin mai ta yi ta kuka, sau 18, ana dannawa tana shiru, ba a ƙara man ba. Da jirgi ya shiga tangaɗi sosai, famfuna suka zuƙi iska, matsi ya faɗi, na'ura ta kashe injinan. Ɗaruruwan ƙararrawa suka cika allo cikin 'yan daƙiƙu, ba a gane babba ba a gane ƙarama. Saura ƙiris jirgin ya hau duwatsu, aka kwashe sama da mutum 400 da jirage masu saukar ungulu kafin a samu ya kai tasha. Kowace na'ura ta yi abin da aka sa ta. A ganina wanda ya saba danna "na ji" ba tare da ya sauka ba, ya fi lalatacciyar sensa haɗari.

Batun barci kuwa, da ɗan gaskiya a ciki. A tsohon tsari ana karɓa-karɓa ne, awa 4 a ɗakin inji, awa 8 hutu, dare da rana. Jirgin da ya samu shaidar barin ɗakin inji ba kowa, wadda masu duba lafiyar jirage na Lloyd's Register ke kira UMS, na DNV kuma E0, aikin yini ake yi, da dare a rufe ƙofa. Amma akwai ɗan akwati a saman gadon injiniyan da ke kan aiki. Ƙarfe ukun dare ya tsandara ƙara, ka zura kayan aiki, ka toshe kunne, ka sauka bene bayan bene cikin zafi, ka tarar da ɗan abin da ke shawagi a ramin ruwan ƙasa ne dauɗar mai ta riƙe. In ka yi jinkirin amsawa, ƙararrawar ta tashi sauran injiniyoyi har da shugabansu. In kana ƙasa kai kaɗai kuma, akwai agogon da dole ka riƙa dannawa kafin minti 30 su cika, in ba haka ba ta sanar cewa wataƙila ka faɗi.

Wajen lalacewa ma halinsu daban. Ta ƙararrawa kullum da ƙananan rigingimu: waya ta saki saboda jijjiga, gishirin teku ya ci mahaɗa, sensa ta fara ƙarya. Ɗan jirgi ke gyara waɗannan da mita da sukudireba. Mai sarrafawa ba ta cika ɓaci ba, amma ranar da katin lantarkinta ya ƙone ko manhajarta ta rikice, sau da yawa sai an jira ma'aikacin kamfani, jirgi na tsaye kuɗi na tafiya.

Saboda haka, Alhaji, ya fara da ɓangaren ƙararrawa: sensa, karanta zanen waya, wutar bolt 24, sannan ya shiga PLC, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa injina. Duk su biyun daga sensa suke ci, kuma yawancin kiran da za a yi masa a nan yake. Takardar da zai nema ita ce ta jami'in lantarkin jirgi, ETO, wadda gyaran da aka yi wa STCW, yarjejeniyar horar da ma'aikatan jirgin ruwa, a birnin Manila ya kawo a 2010. Ya bincika jami'ar harkokin teku ta yanki da ke Akra, wadda Kamaru na cikin ƙasashen da suka mallake ta, ko makarantar ARSTM ta Abijan mai koyarwa da Faransanci. Kuma tun yanzu ya kama Turancin Ingilishi da gaske, don allon da littattafan injin kusan duk da shi aka rubuta su.