Farfaɗo da Peugeot 504 mai ƙofa biyu: Panteka ko Faransa?

Wannan mota, wato samfurin coupé da cabriolet (mai buɗaɗɗen sama) ba a-kori-kura ba, ta fito a 1969, aka daina ƙera ta a 1983, kuma kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya tsara jikinta. Mai son ya tashe ta yana da hanya biyu.

Ta farko ita ce kasuwar gida, Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Da yake an daɗe ana haɗa 504 mai ƙofa huɗu a Kaduna kafin a daina, kayan injinta mai silinda huɗu suna nan, da dama kuma suna shiga 'yar'uwarta mai ƙofa biyu. Ka riƙe da hannunka, ka gwada da tsohon da ka cire, ka taya. Ni nan nake fara dubawa, don farashin da sauƙi.

Amma jiki fa? Ƙofa, gilashi, fitila da bamba duk nata daban ne, tazarar tayoyinta na gaba da na baya ma ta gaza ta mai ƙofa huɗu da santimita 19. Kada ka bari a yanka ƙofar wata a liƙa mata, abin takaici ne! Waɗannan sai hanya ta biyu, wato Faransa, inda L'Aventure Peugeot, ƙungiyar da ke adana tarihin Peugeot, ke sayar da kayan tsofaffin motoci. Akwai tsada, ga kuɗin kwastan, ga jira. Mai injin V6 (silinda shida) kuwa, wadda ta zo a 1974, kusan komai nata daga can za a nemo.