Turke ko ƙugiya: abin dubawa kafin ka sayi sarƙar tarkon koyoti

Sabon shiga a harkar ɗana tarko a Amurka yakan ɓata rabin sa'a a shago yana juya tarko a hannu, yana matsa sifirin, yana tambayar ko tarko samfurin MB-550 ya fi samfurin Bridger lamba 2. Da ya zo kan sarƙa sai ya ɗauki wadda hannunsa ya faɗa kanta ya biya. A nan ake yin asara. Tarko ƙafa kawai yake kamawa, sarƙa da abin da aka ɗaura ta a jiki su ne ke riƙe dabbar har gari ya waye.

Koyoti ɗan'uwan dila ne, sai dai ya fi shi jiki. Na yammacin ƙasar yakan kai kilo 10 zuwa 15, na gabas kuwa har 20 ana samu. Makiyayan tumaki na Teksas da Wayomin da Montana sun daɗe suna fama da shi, masu neman fata kuma suna binsa da hunturu. In ya ji ƙarfe a ƙafa ba ya kwanciya: tsalle, fizga, juyi, cizon duk abin da bakinsa ya kai. Hanya biyu ake bi da shi. Ko a kafe shi wuri ɗaya da turke, ko a ba shi doguwar sarƙa mai ƙugiya a ƙarshe, ya ja ta har ta sarƙe a cikin itatuwa.

Mai turke gajeriyar sarƙa yake so, inci 12 zuwa 18. Duk wanda ya taɓa ɗaure rago da doguwar igiya ya san dalili: in ya samu filin gudu, fizga ɗaya sai turke ya girgiza. Koyoti ma yana da wata dabara, yakan miƙe da ƙafafun baya ya riƙa jan sarƙar sama, kaɗan-kaɗan har rodin da aka yi turken da shi ya fito. Shi ya sa rodi ɗaya ba abin dogaro ba ne. Ana kafa biyu a gicciye, kowanne inci 18 zuwa 24, ta cikin zobe mai ido biyu. Yanzu da yawa sun koma ga ɗan ƙarfen nan mai wayar kebul, irin su Pogo da Wolf Fang, wanda ake turawa ƙasa da sanda, in an ja shi baya sai ya kwanta a gicciye ya ƙi fita. Ba nauyi, dozin guda a aljihun jaka. Ranar kwashe tarkuna ce za ka ji a jikinka, don sai da tono ko abin ɓanɓara.

Matsalar turke ƙasa ce. A duwatsun yammacin Teksas guduma za ta gaji kafin rodi ya shiga taƙi ɗaya. A Minesota cikin Janairu ƙasa ta daskare kamar kankare. A rairayin Nebaraska kuwa rodi shiga yake kamar cikin gari, fita ma haka. Sannan dabbar tana nan a fili, ta tumurmushe wurin, duk mai wucewa a mota zai hango ta, har da ɓarayin tarko, waɗanda ba su da kaɗan.

A irin waɗannan wurare ƙugiya take cin kasuwarta. Ƙarfe ne mai ƙaho biyu kamar angar jirgin ruwa, da sarƙa ƙafa 6 zuwa 10. Ba buga guduma, ba hayaniya. Ka haƙa ramin tarkon ka ɗan zurfafa, ka kwantar da ƙugiyar, ka naɗe sarƙar a kanta, ka rufe da ƙasa ka danne, sannan tarko ya zauna a sama ba ya motsi. Koyoti in ya kamu sai ya nufi duhuwa, ƙugiyar ta maƙale, ya samu inuwa ya lafa. Rassan da ya sarƙe a ciki suna lanƙwasa, don haka fizgar ba ta dukan ƙafar da ƙarfi kamar ta turke. Wurin ɗanawar kuma yana nan lafiya, ka mayar da wani tarkon.

Kada ka yi rowar tsawo a nan. Gajeriyar sarƙa ɗaga ƙugiyar take yi, ta riƙa tsalle a bayan dabbar ba ta kama komai. Doguwa ce ke kwantar da ita ta riƙa cizon ƙasa tana barin layi. Wannan layin shi ne jagoranka da safe: ƴar karta a ƙasa, ciyawa a kwance, dutse a kife da gefensa mai danshi a sama. In an yi ruwa ko dusar ƙanƙara cikin dare, shi ke nan, sai yawo da addu'a. Ni dai ba zan sa ƙugiya a gonar alkama da aka girbe ba, ko makiyayar da ba ko kututture, balle kusa da shingen waya, inda dabbar za ta iya rataya ko ta tsallaka gonar maƙwabcin da bai ba ka izini ba. Wajen saye, duba ƙahonin: a ce an karkata su, ɗaya nan ɗaya can, yadda ko ta wane gefe ta faɗi ɗaya zai soki ƙasa. Mai kaurin rabin inci ta fi siririya, wadda babban namiji kan miƙar. Nauyi dai za ka ɗauka, ƙugiya goma da sarƙoƙinsu ba kayan tafiyar ƙafa ba ne.

Ita sarƙar iri biyu za a nuna maka. Akwai mai zobba masu walda, wadda ake sayarwa da lamba 2 ko lamba 3, akwai kuma ta naɗaɗɗiyar waya mai araha da kan zo da wasu tarkuna daga kamfani. Araha ba ta ado. Ta biyun tana murɗewa ta ƙulle. Ɗauki mai walda, kuma kada lambar ta ruɗe ka, riƙe ta a hannu ka ga kaurin da idonka.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne majuyi, ɗan ƙarfen da ke barin sarƙa ta juya ba tare da ta murɗe ba. In ya cije, duk juyin da dabbar ta yi a ƙafarta zai ƙare, ko ta karye ko ta zare. Uku nake so: ɗaya a gindin tarko, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙarshe, saboda ciyawa da laka sukan toshe ɗaya kafin asuba. A haɗa sarƙar a tsakiyar gindin tarkon, ba a gefe ba, a kuma rufe bakin ƙananan ƙugiyoyin haɗi da walda. Sifirin rage fizga yana da amfani a kan turke, a kan ƙugiya kuwa kana iya barinsa.

Kafin duk wannan, karanta dokar jiharka. Galibi sai da lasisi, jihohi da dama kuma sun wajabta duba tarko kowace rana. Masu zaɓe a Kolorado a 1996, Kalifoniya a 1998 da Washinton a 2000 sun taƙaita irin wannan tarko ƙwarai. Inda karnukan mutane ke yawo ma turke ya fi, don ka san inda za ka tarar da karen ka sake shi da wuri.

Da ni ne mai farawa, zan sayi tarkuna da gajeriyar sarƙa mai majuyi uku, da zoben haɗi da ake murɗawa a buɗe ko a rufe a ƙarshenta, sai ƙugiya uku ko huɗu da dogayen sarƙoƙinsu daban, in riƙa haɗawa inda rodi ya ƙi shiga. Amma ƙugiya ɗaya zan fara saya tukuna. In kai ta filin da zan yi aiki, in ɗaura sarƙar a hannu in ja da gudu, in ga taku nawa zan yi kafin ta tsayar da ni.