Ayislan a watan Fabrairu: ƙaramar tawaga mai jagora, ko motar haya?

Hajiya, kin ce ke da maigida da 'ya'yanku biyu da suka fara tasawa kuna shirin kwana biyar a Ayislan, tsibirin nan mai sanyi da ke arewacin Tekun Atlantika, cikin watan Fabrairu, kuma ra'ayi ya rabu a gida. Shi yana son ku ɗauki hayar mota ku tuƙa kanku, ke kuma hankalinki ya fi kwanciya da shiga ƙaramar tawaga mai jagora. Allah ya sa na gwada duka biyun. Zuwana na farko a Fabrairu ne, cikin tawaga, na biyu kuma a Yuli, da motar haya ni da iyalina. Bari in ajiye miki su gefe da gefe.

Ƙaramar tawagar da ake magana bas ce da ba ta kai Kwasta ba, yawanci ba ta wuce mutum 19, kuma direban shi ne jagoran. Za a ɗauke ku a Reykjavik, babban birnin ƙasar, da duhun safiya, a wata tasha mai lamba kusa da masaukinku, domin an hana motocin 'yan yawon buɗe ido shiga wasu titunan tsakiyar birnin. Motar haya kuwa tun daga filin jirgin Keflavik ake karɓarta, wajen kilomita 50 daga birnin. Hannun tuƙinsu irin namu ne, dama, wannan ba abin damuwa ba ne.

Abin damuwar shi ne hanya, kuma a kanta zan fi daɗewa, don a nan hukuncin yake. Babban titin da ya zagaye tsibirin, mai lamba 1, ya haura kilomita 1,300, kuma mafi yawansa layi ɗaya ne na tafiya, ɗaya na dawowa. A kudu akwai gadoji da dama da mota ɗaya kaɗai ke bi a lokaci guda, wanda ya riga isowa shi zai fara hayewa. A Yuli duk wannan bai dame ni ba. Titi a bushe yake, rana kusan ba ta faɗuwa, babban abin lura shi ne tumakin da ke tsallakawa ba sallama. A Fabrairu kuwa titin nan ne dai, amma ƙanƙara ta lulluɓe shi, wani wurin ba ma za ki gane ta ba, sai ki ɗauka kwalta ce ta jiƙe. Hasken rana awa 7 ne a farkon watan, ya kusa 10 a ƙarshensa, wanda ke nufin da duhu za a fita, da duhu za a dawo.

Sai iska. Ban taɓa sanin iska na iya zama abin tsoro haka ba. Ranarmu ta biyu, mun tsaya a ƙarƙashin Eyjafjallajökull, dutsen nan da ya yi aman wuta a 2010 har tokarsa ta tsayar da jiragen sama a Turai kwana da kwanaki. Kafin kowa ya motsa, jagoranmu ya juya motar ta fuskanci iskar, ya sauka shi kaɗai, ya riƙe ƙofa da hannu biyu, sannan ya riƙa fito da mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a nan iska na fizge ƙofar mota ta lanƙwasa ta, kuma inshorar haya ba ta cika biyan wannan ba. Duk tsawon tafiyar yana duba shafin hukumar yanayi da na hukumar hanyoyi a wayarsa. Da yamma ya ga za a rufe wani sashe na titin, sai ya sauya tsarin ranar, muka wuce kafin a rufe. Da ni nake tuƙi, da sai na tarar da shingen a gabana. Maigida zai iya zama gwanin direba a hanyar Kano zuwa Abuja, ban musa ba, amma taka birki a kan ƙanƙara da iska tana tura ka gefe wani ilimi ne daban, kuma ba a kwana biyar ake koyonsa da yara a bayan mota ba.

Akwai kuma wuraren da motar haya ba za ta cire miki buƙatar jagora ba. Kogon ƙanƙara na ƙarƙashin Vatnajökull, daskararren tsaunin da ya rufe kusan kashi 8 cikin 100 na ƙasar, ba a shigarsa sai da ƙwararre, da hular kwano, da ƙarafa masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi. Lokacinsa daga Nuwamba ne zuwa Maris, kun ga kun dace. A watan Agustan 2024 wani kogo ya rufta a yankin ya kashe ɗan yawon buɗe ido ɗaya, shi ya sa nake jaddada lokacin sanyi, lokacin da ƙanƙarar ta daskare sosai. Cikin kogon shuɗi ne kamar baba, ki ɗora tafin hannu a bango ki ji shi sumul kamar gilashi, ki ga baƙaƙen layukan tokar aman wuta da suka shekara ɗaruruwa a ciki. Na tsaya a wurin ina ta tasbihi. Ko da motarku kuka je, sai kun ajiye ta a Jökulsárlón, tafkin da manyan curin ƙanƙara ke yawo a kai, kun biya jagora daban. A tawagar kwana biyu ko uku kuwa, galibi an haɗa shi cikin kuɗin.

Haka gaɓar tekun Reynisfjara mai baƙin yashi, kusa da garin Vík. Wurin yana da kyau sosai, kuma ya ci rayuka, saboda akwai igiyar ruwa da ke zuwa ba zato bayan ƙanana da yawa, ta hau can sama da inda ake tsammani. An kafa fitilun gargaɗi a bakin shiga, kore da rawaya da ja. Jagoranmu bai tsaya ga fitila ba, ya ja layi a yashi da dunduniyar takalminsa, ya ce kada wanda ya wuce nan, kada kuma wanda ya ba teku baya. Ke da za ki je da matasa masu son hoto, wannan layin kaɗai ya isa dalili.

To, amma in na tsaya a nan ban yi wa maigida adalci ba, domin motar haya na da nata, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko lokaci. A tawaga agogon wani kike bi. A Seljalandsfoss, magangarar ruwan da ke zubowa daga tsayin mita 60, an ba mu ɗan lokaci kaɗan aka ce a koma mota. Hanyar da ke zagayawa ta bayan ruwan ma a rufe take saboda santsi. Da na dawo a Yuli sai da muka yi awa biyu a wurin, muka zaga ta baya muka jiƙe sharkaf, ba mai kiran mu.

Na biyu salla da abinci, kuma wannan ya fi taɓa ni. A tawaga ba wanda zai tsara tsayuwa da lokacin Azahar. Abin da na yi shi ne na gaya wa jagoran tun da safe, na yi alwala a masauki, na haɗa Azahar da La'asar ƙasaru a gefen wani gidan mai, na shimfiɗa rigar sanyina a bayan bas inda iska ba ta kai. Bai nuna wata damuwa ba, har ya jira ni. Amma sai kin buɗe baki kin faɗa, ba zai sani da kansa ba. Da motarki kuwa, ina kika ga dama nan za ki tsaya. Abinci ma haka ne. Tawaga na tsayawa a gidajen mai da wuraren cin abinci na bakin hanya masu tsada, zaɓin kuma kaɗan ne. Ki kiyayi tsiran nan nasu da ake sawa cikin burodi, wanda kowa zai ce sai kin ɗanɗana, domin akwai naman alade a haɗinsa. Kifi dai ga shi nan a wadace, da skyr, wani abu mai kama da kindirmo mai kauri. Da mota, mun shiga kantin Bónus muka cika but da burodi da kifin gwangwani da 'ya'yan itace, ga yajinmu da muka taho da shi. Ruwan famfonsu mai sanyi kuwa ki sha kawai, ba sai kin saya ba. Na zafin ne ke ɗan warin ƙwai a Reykjavik, saboda daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa.

Kuɗi kuma ya danganta da yawan kawuna. Tawaga kan kowane mutum ake biya, mota kuwa kuɗinta ɗaya ne ko ku biyu ne ko ku huɗu. Ku huɗu, a takarda mota ta fi sauƙi. Sai dai ki ƙara da mai, wanda ke da tsada ƙwarai, da kuɗin ajiye mota a wuraren kallo, da inshorar tsakuwa da ta yashi da toka. Ni na raina ta tsakuwar, wata mota ta wuce mu ta watso dutse ya tsaga gilashin gaba, kamfanin hayar ya cire abin da har yau nake jin zafinsa.

Babbar bas mai mutum hamsin ba ki tambaya ba, amma ita ce mafi arha, kuma ta wadatar a zagayen yini ɗaya da ke kusa da birni: Thingvellir, inda majalisarsu ta fara zama a shekarar 930 kuma ƙasa ke tsagewa kimanin santimita 2 a shekara, sai Strokkur mai tsartuwar ruwan zafi sama duk bayan 'yan mintuna, sai magangarar Gullfoss. Illarta jiran mutane a kowace tasha.

Shawarata ga Fabrairu ita ce ku shiga ƙaramar tawaga ta kwana uku, wadda ta haɗa wancan zagayen da gaɓar kudu har Jökulsárlón da kogon ƙanƙara. Za ku kwana a ƙauye, nesa da fitilun birni, inda aka fi samun ganin koren hasken nan da ke rawa a sama idan gari ya washe. Ba a yi wa kowa alkawarinsa, mu a dare na biyu jagora ya buga mana ƙofa muka fito da barguna. Ku sa tafiyar a farkon zuwanku, sauran kwana biyun su zama na birni, don in guguwa ta sa an ɗage ku sami ranar mayarwa. Kafin ki biya, ki tambaye su adadin mutanen motar, da mafi ƙarancin shekarun shiga kogon, da yadda suke mayar da kuɗi in yanayi ya hana. Maigida kuma ki ce masa ya ajiye burin tuƙinsa zuwa Yuni ko Yuli, in Allah ya kai mu, ni ma zan turo masa hanyar da muka bi.