Na'urar ƙofar gareji mai yawan yankewa: abin da za ka duba, da wadda za ka saya

Wajen ƙarfe goma na dare yayana ya kira ni, yana zaune cikin mota a bakin gareji, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Ya danna manhajar waya da ke buɗe ƙofar ta waifai har ya gaji, ƙofa ta ƙi motsi. Ya ce, "Ƙanena, abin nan ya sake mutuwa. Gobe ka zo ka cire shi a sayo wani." Na ce, "Yaya, a yi haƙuri, kada a sayi komai tukuna."

Da safe na je da wayata na auna ƙarfin waifai daidai inda na'urar take maƙale. Ƙofa a buɗe, lambar ta nuna -62. Da muka shigar da mota muka rufe ƙofar ƙarfen, sai ta faɗi zuwa -79. Rauta, wato akwatin da ke raba waifai, tana can falo a bayan talabijin, bango uku na bulo tsakaninsu. Na'urar lafiyarta ƙalau. Da ya sayo sabuwa, da an gudu ba a tsira ba.

Shi ya sa nake roƙon duk mai shirin saye ya fara gano inda igiyar ke tsinkewa. Wurare uku ne: tsakanin na'ura da rauta, ko wajen wutar lantarki, ko can a kwamfutocin kamfanin da ya ƙera ta. Kowanne da irin na'urar da ke maganinsa.

Awon sigina ba wuya. Akwai manhajoji na kyauta a Android da ke nuna lambar. Daga -50 zuwa -65 ka samu lafiya, idan ta wuce -70 za ka riƙa ganin yankewa, a -80 kuwa sai dai haƙuri. Ka auna ƙofa a rufe, mota a ciki, domin a haka gareji yake kwana. Kusan duk waɗannan na'urori a zangon 2.4 GHz kaɗai suke aiki, sabbin rauta kuma sukan haɗe 2.4 da 5 ƙarƙashin suna ɗaya, abin da ke rikita ƙananan na'urori. A saitin rauta, ka raba sunayen, ka tsayar da 2.4 a tasha ta 1 ko 6 ko 11, ka sa tsaron a WPA2 idan yana WPA3, ka kuma ware wa na'urar adireshi na dindindin a cikin rauta. Sau da yawa magana a nan take ƙarewa, ba ka kashe ko sisi ba.

Maganar wuta ta fi shafar wanda ke zaune inda ake ɗaukewa ana kawowa. Idan aka juya daga wutar gari zuwa janareta, na'urar ƙofa takan farka cikin daƙiƙu kaɗan, rauta kuwa sai ta ɗauki minti ɗaya ko biyu. Na'urar ta nema ba ta samu ba, wata ta ci gaba da nema, wata ta yi zamanta sai an zare ta an mayar. Ɗan batirin ajiya mai bolt 12 da ake sa wa rauta ya fi sabuwar na'ura amfani a nan, kuma ya fi araha.

To, idan ka tabbata sayen ya zama dole, ga yadda nake kallon abin da ke kasuwa.

Wadda za ka fi cin karo da ita ita ce myQ ta kamfanin Chamberlain na Amurka, masu LiftMaster. Tana da arha, sanya ta kuma ba ya buƙatar jan waya, saboda da rediyo take magana da injin ƙofa kamar yadda rimot ke yi, kuma ɗan abin da ke gaya mata ko ƙofa a buɗe take ana manna shi ne a jikin ƙofar da ƙaramin batir mai kama da kwabo. Idan batirin nan ya yi sanyi, manhaja takan fara ba da labarin da ba daidai ba, mutum ya ɗora wa waifai laifi. Babban abin da ke damuna da ita shi ne duk umarnin da ka bayar sai ya je kwamfutocin kamfanin ya dawo, ko da kana tsaye a gaban ƙofar. Intanet ya yanke, manhaja ta zama hoto. A ƙarshen 2023 kuma kamfanin ya toshe hanyar da wasu manhajoji ke bi su sarrafa ta, har masu Home Assistant, wata manhajar sarrafa na'urorin gida, suka cire ta daga tsarinsu. Wanda ke Amurka ko Kanada da intanet mai ƙarfi, kuma ba ya son wahala, za ta yi masa. Amma an yi ta ne domin injinan can, masu rimot na 315 da 390 MHz. Wanda rimot ɗinsa na 433 MHz ne, kamar yawancin injinan Turai da Afirka ta Kudu, kada ya ɓata kuɗinsa.

Sai Meross MSG100 da Tailwind iQ3. Su da waya ake haɗa su: waya biyu zuwa inda makunnin bango ke shiga jikin inji, wata kuma zuwa ɗan maganaɗisun da ke jikin ƙofa, mai nuna ko a buɗe take. Aikin sanyawa ya fi yawa, sai ka hau tsani ka bi bango da ƙusa, amma ba batirin da zai mutu maka. Meross mai aiki da HomeKit, tsarin Apple na sarrafa na'urorin gida, tana karɓar umarni a cikin gida ko da intanet ya tafi, muddin rauta na kunne. Tailwind tana iya riƙe ƙofa uku, tana kuma buɗewa da kanta idan motarka ta iso. Kafin ka biya, ka leƙa bayan injinka. Idan Chamberlain ne ko LiftMaster mai maɓalli rawaya, wato tsarin Security+ 2.0 da ya fito tun 2011, haɗa waya biyu kawai ba ya buɗe shi, sai da ƙarin wani ɗan kayan haɗi.

Ga masu irin wannan inji mai maɓalli rawaya, ni ratgdo nake so. Ɗan allo ne da Paul Wieland ya ƙirƙira, yana jin yaren injin kai tsaye, yana sanin inda ƙofa ta tsaya, yana kunna fitila, duk ba tare da ya nemi izinin wani kamfani ba. Sai dai na masu haƙurin saiti ne, kuma shi ma da waifai 2.4 yake rayuwa. Raunin sigina zai kayar da shi kamar kowa.

Mu koma ga wanda abin da yake da shi get ne mai ja, irin injinan Centurion da ake gani a gidajen Abuja da Kano da Kaduna. A jikin allonsu akwai wurin TRG da COM, da zarar an haɗa su na ɗan lokaci get ya motsa. Shelly 1, ɗan makunni daga Bulgeriya wanda bai cika tafin hannu ba, yana yin wannan aiki sarai idan ka saita shi ya saki bayan daƙiƙa ɗaya. Yana da shafinsa a cikin gida, ba ya jiran intanet. Matsalar get ita ce nisa, ga akwatin inji a rufe a ƙasa. A nan nake cewa a ja waya. Shelly Pro 1 tana da ramin kebul na intanet, kebul ɗin kuma yana kaiwa mita 100 ba tare da gajiya ba. Ko kuma ka ja kebul ɗin ka ɗora ƙaramar rauta ta biyu kusa da ƙofar. Na'urorin ƙara sigina da ake cusawa a soket ba na ba da shawararsu sai in babu yadda za a yi, domin raunin da suka karɓa shi suke maimaitawa.

Akwai kuma hanyar da mutane ke rainawa, ni kuwa ina ganin darajarta: makunni mai layin waya, irin RTU5024. Ka sa masa sim, ka shigar da lambobin mutanen gida, duk wanda ya kira sai ya katse kiran ya buɗe get, ba a ci kuɗin kowa ba. Babu ruwansa da rauta ko data. Ka dai tabbatar wanda za ka saya yana kama irin sabis ɗin unguwarku, don tsofaffin 2G ne kaɗai, kuma ka riƙa sa wa layin ɗan kati, kada kamfani ya rufe shi saboda daɗewa ba a taɓa ba.

Abu biyu da ba na wasa da su. Na farko, karanta rubutun jikin cajar duk abin da aka kawo maka daga Amurka. In ta ce 100–240V ka cusa, in 120V kaɗai ta ce, wutarmu ta 230 za ta ƙona ta nan take. Na biyu, yara. Ƙofar da za ka rufe daga ofis ba ka ganin wanda ke ƙarƙashinta. A Amurka tun 1993 doka ta tilasta wa injinan gareji samun kariyar da ke mayar da ƙofa idan wani abu ya gitta, myQ kuma takan yi ƙara da walƙiya kafin ta rufe. Shelly da makunnin sim ba sa gargaɗin kowa. Idan injinka ba shi da idanun nan biyu da ke kallon juna a gefen ƙofa, masu gane idan wani abu ya gitta, ka fara sayen su kafin komai.

A gidan yayana kebul mita 25 muka ja ta cikin silin, muka ɗaure tsohuwar rautar da ke kwance a durowa a bangon gareji, muka sa wa ta falo ɗan batiri. Awon ya koma -54, ƙofa a rufe, mota a ciki. Tsohuwar na'urar tana nan inda take, rimot kuma na ce ya bar shi a aljihun mota kada ya fitar.