Talabijin mai ƙeya a akwatin gem: hoto ya yi, kunnawa ce ciwon kai

Wata uku ke nan da na gama harhaɗa akwatin gem ɗina, irin dogon nan na tsaye mai sanda da maɓallai shida. Tsohuwar talabijin mai ƙeya ce, inci 21, na saka a ciki. Ta hannu na saya. Mai ita ya rantse ba ta taɓa zuwa wajen gyara ba, kuma a wannan dai bai yi min ƙarya ba.

Hoto kam sai wanda ya gani. Raspberry Pi, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, na jona mata ta rawayar wayar AV, na saita shi a kan 240p, wato hoto mai layuka 240 irin na tsofaffin gem, na ɗora Street Fighter II, gem ɗin 1991. Wallahi sai da na yi tsaye na ɗan lokaci ban taɓa komai ba. A sabon allo marar ƙeya Ryu, ɗaya daga cikin 'yan faɗan gem ɗin, yakan fito kamar da bulo aka gina shi, amma a nan siraran layukan baƙin da ke ratsa gilashin sun laushe komai, fuska ta koma fuska. Dama don irin wannan gilashi aka zana su. Kana danna maɓalli naushi ya fita, babu jira. A daren nan, ko nawa mai ita ya ce in ƙara da na ƙara.

To ga inda gizo ke saƙar. Ban fitar da ita daga rigarta ta roba ba, domin a ƙeyar nan akwai wutar da ke kai wajen volt 25,000, kuma takan maƙale ko bayan an zare filogi. Ba ni da wannan ƙarfin halin. Haka na cicciɓe ta ɗungurungum, fiye da kilo 20, na zaunar a kan katako, na ɗan kishingiɗar da ita baya, na rufe gaban da baƙin falanki, gilashin kawai na bari. Sukuru goma sha huɗu na ɗaure. Na kira ƙanena ya zo ya sha kallo, na danna makunnin da na sa a bayan akwati. Kiɗan gem ya tashi, allo kuwa baƙi ƙirin.

Ashe ita in wuta ta zo mata ba ta tashi da kanta, sai ta kunna ɗan jan idonta ta zauna jiran rimot. Idon da ke karɓar rimot ɗin kuma ni da hannuna na binne shi a bayan falanki. Ƙanena ya ce, "Yaya, ai rediyo ka haɗa." Na kwance sukurori kaf, na huda rami daidai wurin, na mayar. Ta tashi, amma a tashar farko, yayyafi kawai take yi, sai an sake danna AV. Kullum haka. Mai gyaran da na tambaya ya ce, "Malam, wasu suna tuna yadda aka bar su, taka ba ta cikinsu." Mai sayarwar ya san da akwati zan saka ta, na faɗa masa da bakina, amma bai ce uffan ba. Wannan har yau yana min ciwo.

Akwai kuma maganaɗisun sifikun da na kafa a sama, ya sa kusurwa ɗaya ta rine ta koma shunayya. Wannan laifina ne. Na matsar da su nesa, bayan an kunna ta da sanyinta sau uku ko huɗu launin ya dawo.

Da farko taurari biyar na yi niyyar ba ta, yanzu uku, kuma na hoto ne duka. Mai son saye ya kunna ta a gaban mai ita, ya sa AV, ya zare filogi daga bango, ya mayar, ya ga abin da za ta yi. Ni dai rimot ɗina yana nan ɗaure da igiya a gefen akwati, tun ranar da yara suka ɓatar da shi kwana biyu.