Makarin benen da inji ya sassaƙa mini: hunturu ɗaya ya tona asirinsa

Wata huɗu cur na yi ina yabon mutanen nan da suka yi mini makarin bene a gaban duk wanda ya shigo gidana, har mutum biyu na tura musu. Tunda da bakina na yi musu talla, dole in dawo in faɗi abin da ya biyo baya, kada alhakin wani ya hau kaina.

Ba zan kama sunansu ba. Masu bibiyar shafukan kayan katako a Instagram sun san irinsu: shago a Abuja, kullum bidiyon inji yana cin katako ƙura na tashi. A Instagram ɗin na gan su. Gidana a Kano yake, bene hawa ɗaya, taki 18 da dandamali a tsakiya inda matattakalar ke karya kwana. Da aka zo kan makari, wato abin dafawa na gefen matattakala, kowa ya ce in sa na ƙarfe mai ƙyalli irin wanda ya cika gari, na ƙi. Dalilina Hajiya ce, mahaifiyata. Ɗakinta a ƙasa yake, amma babu mai hana ta hawa wurin jikokinta, ga ciwon gwiwa, kuma da nauyinta duka take dafa abu idan za ta ɗaga ƙafa. Ƙarfe da asubar hunturu sai ka ce ƙanƙara ka riƙe. Katako nake so mai kauri, wanda zai cika mata tafin hannu.

Gaskiya ɗaya ce, farkon aikin ya burge ni ƙwarai. Birkilan da ya zuba matattakalar bai daidaita ta ba, wani takin santimita 16, wani 19. Kafintoci biyu sun zo sun duba, kowanne ya ce sai dai a yi ta yanka ana gwadawa a wurin. Su kuwa yaro ɗaya suka turo da na'urar awo mai jan haske, ya bi taki ɗaya bayan ɗaya yana rubutawa. Kwana uku suka turo mini zanen makarin, ina jujjuya shi a waya kamar na riƙe shi a hannu. Tsayin mariƙin santimita 90 daga bakin taki, tazarar da ke tsakanin sanduna kuma ba ta kai santimita 10 ba. Mai shagon, wanda yaransa ke kira Injiniya, ya ce haka ƙa'idar gini take a Ingila, don kada kan yaro ya shige tsakani. Ina da ɗan shekara biyu wanda ba ya zama, sai maganar ta shiga raina.

Da wani uzuri ya kai ni Abuja cikin watan Agusta, na biya na ga injin, wanda suke kira CNC. Tebur ne dogo, faɗinsa santimita 130, tsawonsa 250, da kai yana yawo a samansa, bakin yankan yana juyawa har sau 18,000 a minti ɗaya. Babu mai riƙe da komai, kwamfuta ce ke ba shi umarni. A gefe akwai inda ake ɗamke sanda ta kai da gindi tana juyawa a hankali, bakin yana bin jikinta yana fitar da ado. Sanda 46 suka yi mini, kowacce an yanke ta daidai tsayin takinta an rubuta lamba a gindi, adon kuwa kamar an buga da hatimi ɗaya. Na roƙi a sa mini dagin Arewa a jikin ginshiƙai uku, aka sa, zaren dagin yana shiga yana fita babu inda ya karkace. Na daɗe ina shafa shi. Icen loko ne, wanda 'yan katako suka fi kira iroko, na zaɓe shi don gara ba ta cika kusantarsa ba. Kuɗin kun san yadda yake yanzu, ba sai na faɗa ba. Na ba da kashi 70 cikin 100 nan take, ko ragi ban nema ba.

Ƙarshen Satumba suka zo kafawa. Ranar akwai tsohon kafintan mahaifina a gidan, Baba muke ce masa, yana rataya ƙofofin sama. Ya sauko ya ɗaga ginshiƙi ɗaya ya jinjina, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa, ya kara a kumatunsa. Sai ya ja ni gefe ya ce, "Alhaji, icen nan da ruwa a jikinsa. Bai ga hunturu ba." Na kira Injiniya a gabansa. Ya ce, "Yallaɓai, kwantar da hankalinka. Mu ba kafintocin bakin titi ba ne, komai namu da kwamfuta ne." Baba bai ƙara cewa uffan ba, ya koma kan ƙofofinsa. Har yau ina jin ciwon yadda na fifita maganar waya a kan maganar dattijon da ya fi shekara arba'in yana taɓa katako.

Aka kafa, ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Hajiya ta hau ta sauko ta sa musu albarka.

Disamba na shiga sanduna suka fara motsi. Idan yara suka sauko a guje sai ka ji ƙwas-ƙwas, ka kama ɗaya ka ji tana juyawa a raminta. Na tura saƙo, aka ce katako ne yana zama, zai daina. Wani dare cikin Janairu, ana tsakiyar sanyi da hazo, muka ji ƙara tas kamar an harba bindiga a falo. Na fito da fitila na zaga gida ban ga komai ba. Sai da gari ya waye na ga ginshiƙin ƙasa, babban da ke fuskantar ƙofar shigowa, ya tsage daga kai har kusan gindi, tsagar ta ratsa ta tsakiyar dagin. Makullin mota yana shiga ciki.

Wannan duk da sauƙi, asarar kuɗi ce da ta ado. Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru bayan kwana biyar. Hajiya ta idar da sallar asuba ta ji ƙaramin yana kuka a sama, ta kama hanya. Ta hau taki tara lafiya ta iso dandamali, inda mariƙin ke karya kwana ya haɗu da na sama. Nan take tsayawa kullum ta huta, ta jingina. Tana jingina mahaɗin ya buɗe, mariƙin ya zame daga hannunta ya yi waje. Ta zube a kan gwiwar da ke ciwo, ta tokare da hannun dama. Allah ya sa babbar 'yata tana bayanta da buta, ta yar ta rungume ta. Da baya ta yi, taki tara ne na dutse a ƙarƙashinta. Na fito na tarar da ita zaune a dandamali tana ta salati, ba ta ko kalli hannunta ba, cewa take, "Kai, hana yaran nan saukowa ta nan." A asibiti aka ɗauki hoto, babu karaya, targaɗe ne a wuyan hannu, amma sati uku sai an taimaka mata da alwala. Uwar da ta haife ni, a gidan da na gina, a kan abin da na saya musamman dominta.

Da na dawo na duba mahaɗin, sai jikina ya yi sanyi. Gam ne kawai aka shafa, da 'yan siraran ƙusoshi biyu irin na bindigar iska. Shi ke nan abin da ke riƙe da wurin da ya fi ko'ina ɗaukar nauyi. Katakon ya tsuke, bakin mahaɗin ya buɗe, gam ya saki, ƙusoshin suka zare kamar tsinke.

Kwana 11 ina kira. Wani lokaci a ɗauka a ce Injiniya yana wurin aiki, wani lokaci ta yi ta ringi har ta katse. Da na same shi, abin da ya fara ce mini shi ne yanayin Kano ne, ba laifinsu ba. Na ce, ashe ranar da na ba ku adireshi ba ku san Kano ake kai kayan ba? Sai da na tura masa hoton hannun Hajiya a naɗe sannan murya ta sauya.

Yaron da ya yi awo tun farko shi aka turo, kuma shi kam Allah ya yi masa albarka. Bai yi mini musu ko ɗaya ba. Ya gaida Hajiya har ƙasa ya ba ta haƙuri. Ya zo da 'yar na'ura mai allura biyu da ake soka wa katako a ga yawan ruwan da ke ciki. A fatar ginshiƙin ta nuna kashi 7 cikin 100. Akwai guntun da suka rage ranar kafawa, Baba ya ajiye a sito. Aka raba shi biyu aka soka a tsakiya, ta nuna 18. Yaron ya sunkuyar da kai. Baba ne ya yi bayanin, kuma ya fi na kowa fita. Loko daga dazukan kudu ake kawo shi, an yanko shi da damina, ya zauna a Abuja da damina, aka sassaƙa shi da ruwansa. Da iskar hunturu ta buso, fatar icen ta bushe ta tsuke, cikinsa yana nan a kumbure, to fata ta matse ciki bai ba da wuri ba, dole ta yage. Ga shi ginshiƙin guda ne mai kaurin santimita 12, kuma da zuciyar bishiyar a tsakiyarsa, wadda ita ce ta fi saurin tsagewa. Ya ce katako ba ya raguwa ta tsawo, ta faɗi da kauri yake raguwa, shi ya sa kan kowace sanda ya rame a cikin raminsa. Su a da, in ji shi, ice mai kauri irin wannan sai an jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani iska na ratsawa, ya ci hunturu guda aƙalla, kafin a sa masa zarto. Masu hali kuma suna da ɗakin busarwa mai zafi da ke gama aikin cikin makonni. Na tambayi yaron ko suna da irin ɗakin. Ya ce babu. Na ce na'urar nan fa, tun yaushe kuke da ita? Ya ce ta daɗe a shago. Wato tana nan a aljihun tebur ranar da aka ce mini komai nasu da kwamfuta ne.

Gyaran dai an yi shi da kyau, wannan haƙƙinsu ne in faɗa. Da yake zanen yana cikin kwamfuta, ba a sake awo ba. Sati biyu suka kawo sabon ginshiƙi, dagin bai bambanta da na farko ba ko da ƙwayar gero. Wannan karon ba guda ba ne, busassun alluna huɗu aka haɗa da gam aka bar tsakiya rami. Mahaɗin kwanar an huda shi ta ƙasa an sa dogon noti mai ɗaure ɓangarorin biyu, aka toshe ramin da katako. Sandunan duk an zare su an sake zaunar da su. Na kuma lura gindin ginshiƙan bai taɓa motsi ba tun farko, domin rodi mai zare suka dasa cikin kankare da gam na musamman. Na hau na jijjiga da ƙarfina, ko gezau. A ranar har na ji zuciyata ta sauko, na ce a raina kowa yana kuskure, tunda sun gyara a bar maganar.

Washegari sai ga saƙo: kuɗin motar kawo kaya da kwanan yara biyu a masauki, wai ni zan biya, katako da aiki ne kawai kyauta. Nan komai ya dawo mini sabo. Na tuna takin dutse na uku da suka fasa da injin huda tun ranar kafawa, suka cike da siminti suka ce za su kawo wani, har yau shiru. Na tuna fentin ƙyalli da ya zuba a bango ya bushe, da ƙurar da suka bari sai da matata ta kwana biyu tana shara tana atishawa. Duk na haɗiye su a lokacin saboda kyan aikin ya rufe mini ido. Kuɗin asibiti kuwa ko tambaya ba a yi ba. Shi Injiniya har yanzu bai buɗe baki ya ce a gaida Hajiya ba, yaronsa ne ya ɗauke masa wannan nauyin. Ban biya ba, kuma ba zan biya ba.

Sabon ginshiƙin ma launinsa daban. Loko idan sabo ne ɗorawa-ɗorawa yake, sai ya sha haske yake komawa ruwan ƙasa mai duhu, to shi yana nan fayau a tsakanin 'yan uwansa, duk mai shigowa shi yake fara gani. An ce zai kamo su a hankali. Ginshiƙai biyun da suka rage na tsohon icen ne, na saman ya fara nuna siririn layi a gefe, kullum da safe sai na duba shi.

Idan tambayata kuke, sassaƙa da awo ban ga kamarsu ba, yaron nan kuma ya cancanci shagon kansa. Amma ba zan sake tura musu kowa ba. Cikin mutum biyun da na tura, ɗaya ya fasa da ya ji labari. Ɗayan an riga an kafa masa tun Nuwamba a Katsina, inda iskar ta fi tamu bushewa. Na kira shi na ce ya leƙa ƙarƙashin kwanar ya ga ko da noti, ya leƙa ya ce babu komai sai gam.

Hajiya ta warke, Alhamdu lillahi, ta koma hawa wurin jikokinta. Na kama hannunta na ɗora a kan mariƙin, na jijjiga shi a gabanta don ta gani. Ta ce, "Na gani, Allah ya yi albarka." Amma har yau idan za ta hau, bango take dafawa.