Sharhi: gwajin hoton bayan ido ga masu ciwon suga a Katsina

Mun yi amfani da wannan tsari a wani asibiti a cikin garin Katsina, kuma a ganinmu duk mai ciwon suga ya kamata ya yi shi. Ma'aikacin jinya ne ke ɗaukar hoton a nan, a tura ta intanet zuwa ga likitan ido a wani gari, shi kuma ya duba ya aiko da sakamako.

Suga yana lalata ƙananan jijiyoyin jinin retina, shimfiɗar nan ta can bayan ido mai karɓar haske, ba tare da zafi ko jan ido ba. Kafin mutum ya fara gani dishi-dishi, sau da yawa ɓarna ta yi nisa. Shi ya sa mai nau'i na 2 ake duba shi tun lokacin da aka gano ciwon, mai nau'i na 1 cikin shekara 5 da ganowa, sannan duk shekara. Mai suga da ta samu juna biyu kuma tun watannin farko.

Aikin bai cika wuce minti 10 ba. Za a auna gani da allon haruffa, a shiga ɗaki mai duhu, mutum ya ɗora haɓa a kan na'ura ya manna goshi. Hoto biyu ake ɗauka a kowane ido, faɗin digiri 45: ɗaya a kan makula, wato cibiyar gani, ɗaya a kan bakin jijiyar gani.

Inda ake samun matsala shi ne ingancin hoton. Walƙiyar kyamara tana tsuke ƙofar idanu duka biyun, don haka in aka yi gaggawar komawa ido na biyu, hoton duhu zai fito. A dakata minti ɗaya ko biyu. Dattawa da waɗanda suka daɗe da suga ƙofar idonsu ba ta buɗewa sosai, sai an ɗiga tropicamide, maganin da ke buɗe ƙofar ido, a jira kamar minti 20. Bayan ɗigawar gani kan dushe har awa 6, rana ta riƙa kashe ido, saboda haka wanda ya taso daga Daura ko Mashi kada ya tuƙo babur da kansa. Ƙurar hunturu ma tana zama a kan gilashin kyamara ta fito kamar ɗigon jini. Alamarta, tabon yana wuri ɗaya a hoton kowa. Yanar ido da hakiya kuwa tare hanyar hoton suke yi ɗungurungum.

Abin da ya fi damunmu shi ne bayanin sakamako. In aka rubuto cewa hoton bai karantu ba, mutane da yawa ɗauka suke lafiya lau ce, alhali ma'anarsa a je likita ya duba da kansa. Dole ma'aikaci ya faɗi wannan da Hausa ɓaro-ɓaro. Hoton kuma ba ya auna hawan jinin ido, kumburin makula ma sai na'urar OCT, mai auna kaurin retina, ke tabbatar da shi.

Wanda aka ce ya ga likita kada ya jira sai gani ya ragu. Ƙonawa da leza da allurar ido irin Avastin sun fi amfani wajen tsare ganin da ya rage. In babu kayan aikin a kusa, akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna. Kafin barin asibiti a bayar da lambar waya mai aiki, da ta wani ɗan'uwa, a kuma tambayi ranar da za a dawo karɓar sakamako a rubuce.